Silinda Takwas

A Wusasa na same ta, ƙarƙashin mangwaro,
tayoyi huɗu sun durƙusa a ƙasa,
kaji sun mai da kujerar baya akurki,
ƙwai uku a inda Dakta Ishaya ke ajiye jakarsa.
Na goge gilashi da hannun rigata,
sai ga ni shekara talatin baya:
yaro da bokiti da soso,
naira biyar in na wanke ta,
ban taɓa sanin laushin kujerarta ba.

Marsandi ce, ƙofa huɗu kamar ta kowa,
launin toka, ba ado, ba fankama,
amma silinda takwas na kwance a ƙirjinta,
damisa ce ta ari rigar liman.

Mama Rifkatu ta faɗi kuɗi sau ɗaya.
Na ce a rage. Ta ce, “Albarka.”
Na sayar da gonar Shika, na ɗora garatuti a kai,
na ƙirga mata a kan tabarma.
Makullin na ɗaure a bakin zanenta,
ta daɗe, ta daɗe tana kwance ƙullin.

Hansatu ta leƙo, ta ga ana jan ta da igiya,
ta ce, “Malam, gona ita ke ciyar da mutum,
wannan kuwa kai za ka ciyar da ita.”
Ban tanka ba. Me zan ce wa gaskiya?

Wata bakwai a garejin Sallau a Muciya.
Ya ɗaga bonet, ya yi salati,
ya ce tunda ya fara riƙe sifana
sau biyu ya ga irinta, wannan ce ta biyun.
Famfon mai babu a Sabon Gari,
babu a Panteka, babu a Ƙofar Ruwa,
sai daga Ikko ya zo cikin kwalin taliya,
ya zo ɗin ma, ba nata ba ne.
Ɓera ya yi walima da wayoyi,
Sallau ya bi su ɗaya-ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na koyi jira. Na koyi cin bashi.
Na zama mai mota a bayan acaɓa.

Ranar da ta tashi ko tari ba ta yi ba.
Gurnani ta yi, can ƙasa-ƙasa,
irin na hadari kafin ya iso Kufena.
Yaran gareji suka ajiye abin hannunsu.

Bayan asuba na bi ta Kwangila,
hanyar Kano ba kowa sai ni da Allah.
Na taka.
Kujera ta rungumo bayana,
allura ta haura ɗari da sittin,
bishiyoyi suka zama zare ɗaya,
gwiwata ta manta da sanyin ƙashi.
Allurar mai ita ma tana nata gudun, ƙasa ta nufa.
A Tashar Yari na juyo,
rabin fanshon wata ya zama hayaƙi.

Wani ɗan Abuja ya zo da jaka,
ya taya ninki uku, yana shafa ta.
Na ji bakina ya ce, “Albarka.”

Yanzu sau ɗaya take fita a mako.
Ran Lahadi nakan kai Mama Rifkatu coci,
in jira ta a inuwa da carbina.
Cocin taku ɗari ne daga gidanta,
amma sai mun zaga ta Ɗan Magaji.
Gaba take zama, ta lumshe ido,
ta ɗora tafin hannu inda injin ke bugawa,
ba ta cewa komai, ni ma haka.

Lahadin da ta wuce ta buɗe ido:
“Kai ɗan nan, tsoron me kake ji?
Dakta ba ya barin tirela ta riga shi gada.”
Na dubi furfurarta,
na dubi tawa a madubi.

Na taka.